Abin da Solange Ta Ce a Bakin Ƙofa

Sunanta na takarda Geneviève, amma harshena bai taɓa iya juya shi ba, don haka Maman Aimé nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajja. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a nan Garwa, katangar ma gajera, in na taka turmi ina hango abin da ke cikin tukunyarta. Ni Nafisatu jikar fatake ce, kakannina daga ƙasar Hausa suka zo da fataucin goro suka zauna. Ita kuwa Kirista ce daga duwatsun Mayo-Oulo. Mun zauna tare har 'ya'yanmu suka girma suka watse, kuma ba mu taɓa yin faɗan da ya kwana ba.

A kan dutse aka haife ta, inda ake noman dawa a 'yan filaye tsakanin duwatsu, ruwa kuma sai an sauko ƙasa an ɗauka a kai. Cocin ƙauyensu da Hausa ake yin sa, domin mai wa'azin da ya fara hawa wurinsu daga tsallaken iyaka ya zo, ta wajen Mubi. To a can ta koyi Hausarta, Hausar addu'a da waƙar coci. Ranar da ta fara leƙo ni ta katanga neman garwashi, cewa ta yi, “Salama ta kasance tare da ke, ina roƙon wuta.” Wallahi na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Daga baya hirarmu ta zama rabi Hausa rabi Fulatanci, kamar ta kowa a garin nan, Faransanci kuma sai in an je ofis ko asibiti.

Mijinta Hubert magini ne, aikin gini ya kawo su Garwa. Bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da yaro ɗaya, Aimé, ta raine shi da suyar gyaɗa da sayar da zoɓo, wanda a nan muke ce wa folere. Zoɓon Maman Aimé ba a ƙara masa ruwa, ko da rana za ta faɗo ƙasa don zafi. Da shi ta yi wa yaron karatu har ya zama malamin makaranta, aka tura shi Tignère.

Matar nan ba ta da mugunta ko kaɗan, zan rantse a kan haka ko a gaban wa. Abin da take da shi ido ne. Ba abin da ke wuce ta. Zanen wance ya yi gajarta, ɗan wane ya fara busa taba, matar fasto ba ta wanke bayan tukunya. Kuma in ta gani sai ta faɗa, don a ganinta yin shiru cin amana ne. Nakan ce mata, “Maman Aimé, ki riƙa rufe ido ɗaya mana, Allah ai biyu ya ba ki don ɗaya ya huta.” Sai ta ce ni ce ke lalata unguwa da sassauci.

A cocinsu akwai abin da suke kira jibin Ubangiji. Lokaci lokaci ake yi, a raba ɗan gutsuren burodi da abin sha a ƙananan kofuna, don tunawa da Almasihu. Da yake cocinsu ba ya yarda da giya ko ɗigo, zoɓo suke sawa. Maman Aimé ce ke dafa shi, ita ke wanke kofunan, kuma ita ke zagawa da faranti a ɓangaren mata. Ranar Asabar ɗin da za a yi gobe, ko gaisuwa ba ta amsa mini da kyau. Takan tace zoɓon ta sake tacewa, ta ɗaga shi ga rana ta duba.

Sai Solange. Yarinya ce da ta tashi a Mubi, aure ya kawo ta Garwa wurin Narcisse, ɗan acaba. Ta zo ba ta jin Fulatanci sai Hausa tsantsa, irin ta tasha da kasuwa, ga ta da baki. Maman Aimé ce ta ja ta a jiki, don ita kaɗai ce a zumuntar matan cocin ke iya magana da ita. Ta koya mata kasuwa, ta raka ta awon ciki, ta yi mata wankan jego. Mama take ce mata. Da mota ta kaɗe Narcisse a hanyar gada ya rasu, a cinyar Maman Aimé Solange ta yi kukanta.

Bayan an share makoki, ga yara ƙanana, ga ciki yana neman abinci. Solange ta gwada wankau, ta gwada sayar da itace, abu ya ƙi. Sai ta koma wata unguwa ta can gefen gari ta fara dafa bilbil, wato burkutun jar dawa. Ni ma ba son giya nake ba, Allah ya sani, ko warinta ba na iya jurewa. Amma na san yunwa, na kuma san yadda yaro ke kallon uwarsa in tukunya ba ta hau wuta ba.

Labari ya iso kunnen Maman Aimé. A ƙa'idarsu, dattawan coci ne ke kiran mutum su ji ta bakinsa, in ya tabbata su sa shi horo, ya koma bencin baya, a hana shi jibin har ya tuba. Dattawan ba su kai ga zama ba aka yi jibin. Maman Aimé ta taho da faranti layi layi, ta iso kan Solange. Solange ta miƙa hannu. Ita kuwa ta ɗaga farantin sama, ta ce, da muryar da ɓangaren maza ma suka ji, “Hannun nan tsami yake yi.” Ta wuce ga ta gaba. Solange ta tashi, ta ja 'ya'yanta, suka fita ana cikin waƙa. Ba su sake taka cocin ba.

Ba wani ne ya kawo mini gulma ba. Ita da bakinta ta ba ni labari a ranar, ta katanga, tana wanke kofuna, fuskarta wasai kamar wadda ta kashe maciji a ɗaki. Na ce, “Haba Maman Aimé, a gaban jama'a?” Ta ce teburin Ubangiji ba wurin wasa ba ne. Na ce to, addininku ne, kin fi ni saninsa. Na sauka daga kan turmi raina ba daɗi.

Shekaru suka shuɗe, ba ta ƙara ambaton sunan yarinyar ba, ni ma ban tayar ba. Sai ciwo ya zo mata. Ciki ya riƙa kumbura, jini ya ƙi tsayawa, mace mai ɗaukar buhun gyaɗa ta koma sai ta dafa bango. Likita ya ce ƙari ne, sai an yi aiki, kuma bai ɓoye wa Aimé ba cewa jikin ya yi rauni ƙwarai, aikin na iya tafiya ko ta ina. Aka sa rana, Aimé ya taho daga Tignère.

Lahadin ƙarshe kafin aikin ta dace da jibin. Da yake ba ta da ƙarfi, aka ce ta zauna, wata ta zaga da faranti. Da ta dawo gida ko zane ba ta sauya ba, ta zagayo ta ƙofa ta shigo wurina, abin da ba ta saba ba. Ta zauna a bakin tabarma tana kallon tafin hannunta.

Ta ce, “Hajja, yau na miƙa hannu.”

Na ce, “To, ba a ba ki ba ne?”

Ta ce, “An ba ni. Amma kafin a ba ni fa? Ban taɓa sanin akwai lokaci a wurin ba. Kina miƙawa, farantin yana zuwa, ba ki da komai, kowa na ganin hannunki a buɗe. Na ji gabana ya faɗi, na ce in matar nan ta ɗaga shi fa? Me zan ce? Wane abu na kawo da zai sa dole a ba ni?” Sannan ta ce, “A wurin nan na bar Solange.”

Daga ranar barci da ci suka ƙaurace mata. Ta ce ana koya musu cewa yadda ka yi wa mutum hukunci haka za a yi maka, kuma in ka san wani na riƙe da kai a zuciya, ka fara zuwa wurinsa kafin ka tunkari Allah. Ita da ta yi shekaru tana koya wa mata wannan, yanzu maganar ta juyo ta tsaya a kanta. Fasto ya zo ya zauna da ita, dattijo mai haƙuri. Ya ce mata jinƙan Allah ba ya jiran bakin mutum, tunda ta gane laifinta ta tuba, ta kwantar da ranta. Ta ce ta sani, ta yarda, amma tana tsoron a kwantar da ita a sa mata allurar barci alhali akwai mai cewa a ranta gara kada ta tashi. Wannan tsoron na gane shi sarai, don mu ma an ce mana haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ana gobe za a kwantar da ita ta ce in raka ta. Na ce ina? Ta ce gidan Solange. Tabɗi! Ni Hajja Nafisatu, da mayafina, in shiga gidan giya? In wani ya gan ni fa? Sai na ji kaina, na ce ji mini, ni ma ashe bakin mutane nake tsoro. Aimé ya tafi neman waɗanda za su ba da jini, babu mai riƙe ta in ta faɗi. Na ɗauki mayafi muka tare acaba biyu da hantsi, ga zafin Garwa na bazara tun da safe yana dukan ƙeya.

Tun daga bakin lungu tsamin ya tare mu. Tsakar gida ce 'yar ƙarama, da rumfar zana da bencina, ba kowa tukuna. A gefe akwai ɗakin girki na kwano mai ƙofa matsattsiya, hayaƙi na fita ta ko'ina. Solange na ciki ta ba mu baya, tana juya tukunya. Ta waiwayo sau ɗaya, ta gan mu, ta mayar da kai. Ta rame, ta yi baƙi, amma idon nan nata yana nan.

Maman Aimé ta saki hannuna, ta je ta durƙusa a daidai bakin ƙofar, guiwa biyu a toka. Ta fara da Hausarta ta coci, “'Yata, na yi miki zunubi a gaban Allah da gaban ikilisiya. Na ɗaukaka kaina. Na zauna a kujerar da ba tawa ba.” Ta yi ta yi, muryarta na karyewa. Solange ta ci gaba da juya tukunyarta. Can sai na ga ta naɗe tsumma a hannu biyu, ta sungumi tukunyar daga kan murhu, tana tafasa tana huci, ta juyo. Ƙofa ɗaya ce, ga mutum durƙushe a ciki. Ta daka tsawa, “Gafara!”

Maman Aimé ta mirgina gefe. Solange ta wuce da gudu gudu, ta juye tukunyar a wani babban duro a bayan rumfa, ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Ni kuwa na juyo na ga Maman Aimé zaune a ƙasa ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba, tana cewa, “Na gode, na gode Ubangiji.” Sai jikina ya yi sanyi.

Ga abin da ya faru. Duk Bahaushe ya san in mai kaya ya taho ya ce gafara, cewa yake a matsa a ba shi hanya. Amma a Garwa da Fulatanci ake neman hanya, ko da Faransanci. Mu Hausawan garin ma mun saki kalmar, kakata ce ta ƙarshe da na ji tana cewa gafara dai in za ta shiga gida. Maman Aimé tun da take, a wuri ɗaya ta taɓa jin kalmar nan, a coci, inda ake roƙon gafarar zunubi. Ta roƙa, an ce mata gafara, me kuma ya rage?

Na ɗaga ta, na kakkaɓe mata toka. A bakin lungu muna jiran acaba ta riƙe hannuna gam. Ta ce, “Kin ji, Hajja? Kalma ɗaya tak. Yarinyar nan ta fi ni, ni da zan yi sai na yi dogon wa'azi. Ke ce Bahaushiya, ba gafara ta ce ba?”

Na ce, “Gafara ta ce.”

Ba ƙarya na yi ba, amma maganar ta yi ta damuna har gida. Da rana na ji ta ta katanga tana 'yar waƙa, ta aiko a ba ta miyar kuka, ta cinye tuwo tas. Aimé ya leƙo yana yi mini godiya, wai me na yi wa mamansa haka. Ni kuwa na kasa zama na kasa tsayuwa. In bar ta haka? Ai ta sami kwanciyar rai, kuma likita ma ya ce kwanciyar rai rabin magani ce. To amma in ta tafi fa? Ta tafi riƙe da abin da ba a ba ta ba, ni kuma ina sane? In kuma ta tashi ta je ta rungume Solange a gaban mutane, yarinyar ta watsa mata ƙasa a ido? Na yi sallar azahar ban san me na karanta ba. Daga ƙarshe na ce abu ɗaya ne mafita, in je in roƙi mai kalmar ta mayar da ita gaskiya.

Bayan la'asar na koma ni kaɗai. Wannan karon rumfar cike take, kowa da ƙwaryarsa. Wani tsoho ya ɗago jajayen idanu ya ce, “A'a, Hajja, ke ma?” Aka kwashe da dariya. Na ce, “Ni ma, Baba, amma tawa ƙwaryar a gida na baro ta.” Na wuce ciki.

Solange ta saurare ni tana tsaye, hannu a ƙugu. Da ta gane abin da ya faru sai ta yi wata irin dariya mara daɗi. Ta ce, “Ikon Allah! Wato tukunya na cin hannuna, na ce ta kauce, shi ne ta tafi da gafara?” Na ce shi ya sa na zo, ki taimaka ki bar mata ita, gobe za a shiga da ita, ba a san yadda za ta kaya ba.

Ta ce, “Hajja, kin san abin da 'yata ta tambaye ni a hanya ranar jibin nan? Ta kama hannuna ta shinshina, ta ce, Mama, wai wari kike? Har yau in zan ba su abinci sai na goge hannu da lemon tsami. Ni ban ce abin da nake yi daidai ne ba. Da dattawa sun kira ni sun ce in koma bencin baya, da na koma, ba zan yi musu ba. Na san ni mai zunubi ce, shi ya sa ma na miƙa hannun. In da ni tsarkakakkiya ce, me zan je nema? Kuma a ce Mama! Da wata ce da sauƙi.” Ta share ido da bayan hannu da ƙarfi, kamar tana jin haushin hawayen. Ta ce, “Ta hana ni kofi, yanzu kuma ta ɗauke mini magana daga baki ba da izinina ba? Wane asibiti ne? Gobe zan zo in karɓi abata.”

Innalillahi! Na zo gyara na ɓata. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da kabarin Narcisse, ta ce in tafi masu saye na jira. Na dawo gida ina zagin ƙafafuna da suka kai ni.

Da safe muna asibiti. An cire mata ɗankwali an sa mata wata hular leda da riga mai ɗaurin baya, an kwantar da ita a gadon turawa a baranda. Ban taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, ashe duk furfura ce, ashe kuma 'yar ƙarama ce haka. Fasto ya yi addu'a ya koma gefe da Aimé. Ita murmushi take, ni kuwa idona na kan ƙofar shigowa, ina ta roƙon Allah ya sa acaba ya lalace da Solange a hanya, ko ta makara, ko ta huce.

Ba ta makara ba. Na hango ta tana ratsa mutane, zane ɗaure a ƙugu. Na tashi in tare ta, ta kewaye ni. Maman Aimé na ganin ta fuskarta ta haskaka, ta miƙo hannun da ba ƙarin ruwa, ta ce, “'Yata! Har kin zo? Gafarar da kika yi mini jiya...”

Solange ta ce, “Ban yafe miki ba, Mama. Cewa na yi ki matsa daga hanya, tukunya na ƙona ni. Haka ake cewa da Hausa. Tambayi Hajja.”

Maman Aimé ta juyo da ido kaina. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na gyaɗa kai. Na ga murmushin ya zube daga fuskarta, na ga tsoron nan ya dawo gaba ɗaya. Hannun da ta miƙa yana nan a buɗe a iska, ba wanda ya kama. Aimé ya yunƙuro da fushi, uwarsa ta girgiza masa kai.

Na ɗauka za ta fashe da kuka, ko ta sake sabon roƙo. Sai ta ce a hankali, “To. Gaskiyarki, 'yata. Na daɗe a tsaye a ƙofar, na tare miki hanya. Na matsa. Teburin ba nawa ba ne, ki koma ki ci, ko kin yafe mini ko ba ki yafe ba.” Ta mayar da hannunta kan gado. “Ni zan shiga haka nan. Ba ni da abin da zan nuna wa Ubangiji. In ya ba ni, ya ba ni.”

Ina ganin faɗa Solange ta shirya, ta zo da amsar kowace magana, amma ba ta zo da amsar wannan ba. Kafin ta tattaro wani abu sai ga ma'aikatan jinya biyu, suka yi wa Aimé magana da Faransanci, suka saki birkin gadon. Solange ta bi su taku kaɗan, ta ce, “Ki shiga ki fito tukuna, ban gama da ke ba!” Maman Aimé ta ɗan ɗaga yatsu. Aka tura ta, ƙofa mai ganye biyu ta rufe.

Muka tsaya cirko cirko. Solange na kallon ƙofar. Can ta juyo gare ni, duk ƙarfin nan ya tafi, ta ce, “Hajja, in ba ta fito ba fa?”

Sai kawai ta ruga ta faɗa jikin ƙofar tana duka da tafin hannu biyu, tana ihu, “Mama! Na yafe! Kin ji? Na yafe miki, Mama! Gafarar ce, ita ce, ki riƙe ta!” Mutane suka taso, mai gadi ya zo, wata ma'aikaciya ta leƙo tana faɗa da Faransanci wai nan ba kasuwa ba ce. Da ƙyar ni da fasto muka ɓanɓare ta. Ta sulale ƙasa a jikin bango ta zauna a nan, ta ƙi hawa benci.

Rana ta take, ta karkata. Da likitan ya fito ya kira Aimé gefe ya dafa kafaɗarsa, ba sai an fassara mana ba.

An kai ta dutsensu aka binne, kusa da iyayenta. Solange ta bi motar. Ko ta koma coci, ko ta bar dafa bilbil, wasu sun ce e, wasu sun ce a'a, ni ban tambaye ta ba kuma ba zan tambaya ba. Abin da na sani, ta je ta nemi ma'aikaciyar da ta yi mata faɗa ran nan, ta tambaye ta ko an riga an yi allurar barcin lokacin da take ihu. Matar ta ce ba za ta iya tunawa ba, marasa lafiya da yawa ne.

Takan zo wurina jefi jefi da yamma. Ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma, mu yi hirar tsadar dawa da karatun yara. In ta tashi tafiya, ta sa takalmi, sai ta tsaya ta ce, “Hajja, kina ganin ta ji?”

Nakan ce, “Ke Solange, da wannan muryar taki? Masunta a kogin Binuwai ma sun ji.”

Sai ta yi 'yar dariya, ta gyaɗa kai, ta tafi. In ta sake dawowa ta sake tambaya.